Filin Tambaya da Amsa: Aikin Hannu na Taro da Kwanciyar Hankali

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga magana guda, wato ko zaman da mutane ke yi su haɗa hannu a kan ɗinki, zane ko ado yana da wani amfani ga natsuwar mai yinsa. Mun zaɓi biyar daga Zariya da kewaye, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni malamar firamare ce mai 'ya'ya huɗu, maigidana kuma yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake zuwa. Kullum a gajiye nake, ga saurin fushi, ga ƙarancin barci. Maƙwabciyata ta gayyace ni in shiga cikin wasu mata da ke haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar suna yi wa zanen gado guda ɗaya ɗinkin ado tare, ta ce zan samu sauƙi. Uwar mijina ta ce zaman gulma ne aka sake wa suna, ni kuma ko allura ban iya riƙewa da kyau ba. Shin da gaske akwai amfani a ciki? Daga wata uwa, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ƙara miki juriya. Akwai amfani, kuma masana sun daɗe suna bin diddiginsa. A shekarar 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar da rahoton da Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka tattara daga nazarce-nazarce fiye da 3,000, wanda ya nuna cewa zane da waƙa da sauran ayyukan fasaha suna taimakawa wajen kare lafiya da kuma jinyar wasu cututtuka, har da ciwon damuwa. Kafin wannan, a 2016, Girija Kaimal da abokan aikinta a Jami'ar Drexel ta Amurka sun zaunar da mutum 39, suka ba su yumɓu da alƙaluman launi da takardu na tsawon minti 45, suka gwada yawunsu kafin aikin da bayansa. An samu kimanin kashi 75 cikin 100 daga cikinsu sinadarin kotisol, wanda jiki ke yawaita fitarwa idan hankali ya tashi, ya ragu a jikinsu. Mutum 39 ba adadi ba ne da za a gina babban hukunci a kansa, amma abin da ya shafe ki a ciki shi ne, ba a ga wani bambanci tsakanin gwanaye da waɗanda ba su taɓa zane ba. Saboda haka rashin iya riƙe allura ba zai zama miki uzuri ba.

Dalili na farko a fili yake. Idan ido yana bin zare, yatsu suna lissafin inda allura za ta shiga da inda za ta fito, tunanin kuɗin makaranta da cefanen gobe ba ya samun wurin zama na wannan ɗan lokaci. Amma wannan kina iya samunsa ke kaɗai a ɗakinki. Abin da ya sa nake goyon bayan maƙwabciyarki shi ne haɗuwar kanta, kuma a ganina nan ne mafi yawan amfanin yake. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, mace ba ta zama gaban 'yar'uwarta ta dube ta ido cikin ido ta ce abin duniya ya dame ta, domin ana ɗaukar hakan tonon asirin gida. Amma idan kowa ta sunkuya a kan nata ɓangaren zanen, babu mai kallon fuskar wata, sai ki ji magana ta fito da kanta, wata ta ce ita ma rabonta da barcin kirki tun kafin azumi, wata ta faɗi abin da ta yi ta samu sauƙi. Wadda ba ta son magana kuma babu mai matsa mata, tunda aiki ne ya tara su, kuma shirunta ba zai zama abin tambaya ba.

Game da Hajiya uwar mijinki, kada ki yi jayayya da ita, ki dai tambaye ta yadda ake daɓe a zamaninsu. Za ta gaya miki yadda ake gayyato matan unguwa idan za a kai amarya sabon ɗaki, a baza tsakuwa a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, a riƙa bugu tare a kan amo ɗaya, mai bayar da waƙa tana bayarwa saura suna amshi, ana yi ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. A cikin waƙoƙin nan ne mata ke sako habaici da kukan zuci da ba su iya faɗa a zaune, su tashi da ciwon damtse amma ƙirji wasai. Siminti da tayil sun kawar da daɓe a mafi yawan gidaje, surfe da niƙa sun koma inji, kuma da suka tafi ba aikin kaɗai suka ɗauke ba, har da dalilin haɗuwar. Zanen gadon nan na ranar Asabar ƙoƙari ne na cike wannan gurbi, kuma idan kika gabatar mata da shi ta wannan fuska ina kyautata zaton za ta sassauta. In da hali ma ki roƙe ta ta raka ki rana ɗaya.

Duk da haka tsoronta ba na banza ba ne. Zaman da ya koma cin naman waɗanda ba sa wurin yana ƙara wa zuciya nauyi ne, kuma idan kika je sau biyu ko uku kika ga kina dawowa gida da ɓacin rai ko da kwatanta gidanki da na wasu, ki janye cikin mutunci. Ki nemi yardar maigidanki, ki shirya wanda zai kula da yara, domin kada hutun ya zama wani sabon nauyi. Sannan ki je asibiti a auna jininki da hawan jini, saboda gajiyar da ba ta ƙarewa tana iya zama alamar ƙarancin jini ko wata larura ta jiki, wadda allura da zare ba su da abin da za su yi mata.

TAMBAYA: Malama, ni ɗalibi ne mai karatun zane. A unguwarmu akwai samari da yawa da suka gama sakandare ba su da abin yi, wasu har sun fara shaye-shaye. Ina so in tara su mu ƙawata katangar makarantar Islamiyyarmu, amma wasu dattawa sun ce zane haramun ne. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Ɗana, Allah Ya yi albarka. Hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malamai, kuma ka kai ta gaban malamin makarantar taku kafin ka sayi ko gwangwanin fenti ɗaya. Sai dai aikinku ba ya bukatar ya taɓa wannan mas'ala ko kaɗan. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma a kan wannan ne jumhurin malamai suka tafi. Adon ƙasar Hausa kuwa tun asali a nan ya fi ƙarfi. Ka dubi aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, yadda aka fitar da ado a jikin ginshiƙai da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin da ke ɗauke da rufi, ba tare da surar mutum ko dabba ba. Ka dubi dagi a goshin tsofaffin zaurukan cikin birni, da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Dattijon da ya ƙi hoton mutum a bango da wuya ya ƙi zayyanar da ya gani a allonsa ranar saukarsa.

Kana kuma karatu ne a garin da aka taɓa yin irin wannan tunani. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, bisa ra'ayin cewa kowa ya koma ya ɗebo daga adon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Wannan shi ne abin da zan ba ka shawara ka yi da samarin, kuma a nan ne masu ilimin zane irinku suka fi yin tuntuɓe. Idan ka zauna kai kaɗai ka tsara komai, sannan ka miƙa musu buroshi ka ce su cika launi, to leburori ka samu, kuma ranar da rana ta yi zafi za su watse. Ka sa kowane ɗaya ya kawo wani ado daga gidansu, ko daga hular mahaifinsa, ko faifan kakarsa, ko ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa. Ku baje su a tabarma, ku yi gardama a kan wanda zai zo tsakiya da wanda zai bi gefe, ku gwada a takarda kafin ku ja layi da alli da igiya a jikin katanga. Naka aikin shi ne ka daidaita su su zauna da juna, ko da kana ganin da kai kaɗai ka yi da ya fi kyau. Saurayin da kullum ake kira ɗan zaman kashe wando, idan ya wuce ya nuna wa ƙaninsa kusurwar da shi ya tsara, ya samu wani abu da nasiha ba ta ba shi ba.

Ka nemi izinin mai unguwa da hukumar makarantar, ku yi aikin bayan damina, da sassafe. Ku yi amfani da fentin ruwa, ku guji mai haɗi da tina, saboda warinsa yana cutarwa, kuma bai dace a ajiye irin wannan a hannun yaran da wasunsu ke shaƙe-shaƙe ba. Wanda shaye-shaye ya riga ya kama shi sosai, katanga ba za ta raba shi da shi ba, yana bukatar likita da tsayuwar iyayensa.

TAMBAYA: Anti, mu takwas ne muke haɗuwa muna saƙar faifai da jakunkuna, muna jin daɗin zamanmu. Da wata mai shago ta fara saye sai rigima ta shigo, masu sauri suna cewa masu nawa suna ja musu baya, yanzu biyu sun daina zuwa. Yaya za mu gyara? Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Doka.

AMSA: 'Yar'uwa, abu biyu kuka haɗa a tabarma ɗaya, sana'a da hutu, kuma kowannensu yana da tasa ƙa'ida. Neman kuɗi da aikin hannu abin yabo ne, matan cikin birni da dama suna rufa wa kansu asiri da ɗinkin riga da hula, har akwai ƙungiyar masu ɗinkin hannu mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina wadda kayanta ke kaiwa ƙasashen waje. Amma ki lura da yadda masu babbar riga suke tafiyar da tasu sana'ar. Mai zane yana fitar da adon da ake kira aska biyu ko aska takwas a jikin yadi a biya shi, maɗinki ya cika a biya shi, mai bugu ya buga ta yi ƙyalli a biya shi, kowa ya san ladansa tun kafin ya taɓa rigar. Ku kuwa kun shiga ciniki ba tare da kun yanka wa kowa nata ba.

Da zarar mai saye ta sa ranar karɓar kaya, mai nawa ta zama asara a idon saura, alhali sau da yawa ita ce ta fi kowa bukatar zaman, wataƙila ma abin da ke damunta ne ya sa hannunta ya yi nauyi. Shawarata ita ce ku raba ranakun. Ku ware ranar sana'a ga mai so, a rubuta abin da kowa ta saƙa a littafi, a biya ta gwargwadon aikinta, a damƙa kuɗin kayan aiki a hannun mutum ɗaya amintacciya kamar yadda ake yi wa uwar adashi. Ranar zumunci kuma ku riƙa yin abu guda tare wanda ba na sayarwa ba ne, ku kai shi gudummawar biki ko ku ba marayu. Biyun da suka daina zuwa kada ku aika musu saƙon waya, ku taka ku je gidajensu.

TAMBAYA: Malama, matata ta haihu wata biyu da suka wuce. Tun bayan suna take yawan kuka ba dalili, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar jaririn, jiya har ta ce gara a ce ba ta duniya. Na karanta cewa zama cikin mata masu aikin hannu yana rage damuwa. In kai ta? Daga wani magidanci, Sabon Gari.

AMSA: Malam, asibiti za ka kai ta, kuma yau, ba gobe ba. Abin da ka lissafa alamomin ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma kalmar da ta faɗa jiya ba a wasa da ita. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, a samu mahaifiyarta ko wata 'yar'uwa da ta yarda da ita ta zauna tare da ita ta taya ta renon jaririn. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Barnawa cikin Kaduna. Idan asibitin da ta haihu ne ya fi kusa, ku fara da can, ka faɗa wa likita duk abin da ka rubuto mini ba tare da ka rage komai ba.

Ba rashin godiyar Allah ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi 20 cikin 100 na matan da suka haihu a ƙasashe masu tasowa suna fuskantar irin wannan larura, kuma ana warkewa idan aka samu kulawa. A ci gaba da addu'a tare da magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ka kuma toshe kunnenka daga masu cewa zuwa wannan sashe tambarin hauka ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin mai neman irin wannan magani.

Zaman mata yana da nasa lokaci, amma a bayan likita yake zuwa. Wani nazari da aka buga a Ingila a 2018 a kan mata 134 masu wannan larura ya nuna cewa, a cikin waɗanda ciwon ya fi tsananta gare su, masu halartar zaman waƙa na rukuni na mako 10 sun fi saurin samun sauƙi. Tun a 1954 ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zaune a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, saboda ya fahimci cewa jama'a na cikin abin da ke warkar da mutum. Idan ta fara farfaɗowa, likita kuma ya amince, sai a nema mata zaman da babu mai yi mata gori, a bar ta ta je don ranta ya so.

TAMBAYA: Malama, na yi ritaya bayan shekaru masu yawa ina aikin gwamnati. Daga masallaci sai gida, yini yana yi mini tsawo. Wannan abu na mata da samari ne kawai, ko da wurin tsoho? Daga wani dattijo, Gyallesu.

AMSA: Baba, barka da hutawa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ai wurin naku ne tun asali, domin ɗinkin babbar riga a Zazzau aikin maza ne a zaure da gindin bishiya kafin mata su shigo cikinsa daga baya, kuma har yau wanda ya zaga cikin birni da hantsi zai ga maza a ƙofar gida kowa da yadi a cinya, ana ɗinki ana hira. Ka nemi abokan sahunka biyu ko uku da ke cikin irin halinka, ku roƙi wani gwani a unguwa ya riƙa zama da ku, ku biya shi ɗan abin goro, domin shi ma lokacinsa ne. Idan da samari masu sha'awa ku jawo su, su zura muku zare a allura, ku kuma ku ba su labarin garin.

Kafin ka fara ka je a duba idonka, saboda ganin kusa yana raguwa tun daga wajen shekara 40, kuma hawan jinin ido yana cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. Idan aka rubuta maka tabarau ka riƙa sa shi. Ku zauna inda haske ya wadata, ka jingina bayanka, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa bayan kowane rabin sa'a. Ka fara da hula, domin riga mai aiki tana cin watanni kafin a ga ƙarshenta.